Rawaya: A Ba Ta Wuri A Gefen Lambu

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya taɓa ratsa dajin da aka ƙone da rani ya san rawaya. Ƙasa baƙa ƙirin da toka, ba ganye ko ɗaya, sai ga fure ya ɓullo daf da ƙasa, mai kunnuwa 5, faɗinsa kamar tafin hannun yaro. Sunanta ne ma muke kiran launin nan da shi.

A da, in mutum ya fita Tudun Wada ya nufi wajen Kufena ko bakin Galma, ba ya rasa ta. Yanzu gidaje da gonaki sun cinye dajin, masu haƙar saiwa kuma sukan tumɓuke ta ɗungum su kai kasuwa. Iyayenmu mata su ne suka fara kuka, don garin saiwarta ke ba miya launi in manja ya yi tsada. Da ita ake rina zare da tabarma. Ƙudan zuma kuma suna samun abinci a furenta lokacin da daji ya bushe.

Shi ya sa muka gwada ta a gefen lambun ƙungiya, ta kuwa karɓa. Wurin da take so shi ne jigawa ko ƙasa mai tsakuwa inda rana ke duka sosai. Ban da fadama: in ruwa ya kwanta, saiwar ruɓewa take yi. Irin yana cikin 'ya'yan, lulluɓe da wani abu kamar auduga, kuma ɓawonsa da tauri, saboda haka a jiƙa shi a ruwan ɗumi ya kwana kafin a shuka da farkon damina. Wanda zai dasa saiwa, ya yanki guntu kawai, ya bar uwar a raminta, ya mai da ƙasa. A ba da tazarar ƙafa 3.

Ga inda muka yi kuskure. Da kaka ta yi, ganyen ya bushe ƙurmus, muka ɗauka ta mutu. Wasu muka yi ta yi musu ban ruwa har suka ruɓe, wasu kuma garma ta bi ta kansu. Ashe barci take yi, abincinta yana ajiye a saiwa. To, a kafa turke a gindin kowace ɗaya, a yanke busasshen kara, a ƙyale ta. Kada wani ya ce zai cinna wa lambu wuta don ta yi fure. Shingen maƙwabci ba ruwansa da rawaya.

A yi haƙuri da ita 'yan shekaru kafin a taɓa saiwar. Mun san ana jiƙa ta don shawara, amma wanda idonsa ya canja launi, asibiti za a fara kai shi.

Masu son iri su tsinko 'ya'yan da zarar sun bushe, tun ba su fashe iska ta kwashe ba.