Yadda ake shata wa jiragen sama hanya a kan Tekun Atlantika

Jirgin da ya tashi daga Landan zuwa New York a yau, ba lalle ne ya bi hanyar da ya bi jiya ba. Sau biyu a kowace rana ake shata sabbin hanyoyi a sararin arewacin Tekun Atlantika, kuma iska ce ke nuna inda za a shata su.

A tsayin kilomita 9 zuwa 12 daga ƙasa, inda manyan jirage ke tafiya, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, wadda gudunta kan wuce kilomita 300 cikin sa'a guda a lokacin hunturu. Jirgin da ya nufi Turai yana so ya shiga cikinta domin ta tura shi. Wanda ya nufi Amurka kuwa kauce mata yake yi, don kada ta ci masa mai da lokaci.

A watan Fabrairun 2020, wannan iska ta taimaka wa wani jirgin British Airways ya isa Landan daga New York cikin sa'o'i 4 da minti 56, tafiyar da kan ɗauki fiye da sa'o'i 6.

Cibiyoyi biyu ne ke raba aikin. Ta garin Gander a Kanada ce ke tsara hanyoyin dare na jiragen da suka nufi gabas, yayin da ta Prestwick a Birtaniya ke tsara na rana zuwa yamma. Kamfanonin jirage kan aika musu da hanyoyin da suka fi so, su kuma su duba hasashen yanayi, sannan su fitar da jerin hanyoyi a jere, kowace da harafinta.

Tun kafin jirgi ya bar ƙasa kamfaninsa ke miƙa tsarin tafiyarsa. Idan hanya ta cika, sai masu kula da zirga-zirga su ba shi wani tsayi ko wata hanya dabam, abin da ke nufin ƙarin kuɗin mai.

Shekaru da dama, na'urar rada ba ta iya hango tsakiyar teku, saboda haka akan bar tazara mai yawa tsakanin jirage domin gudun karo. Daga shekarar 2019 aka fara bin sawunsu ta taurarin ɗan'adam, lamarin da ya sa aka rage tazarar, jirage da yawa suka samu damar bin hanyar da iska ta fi dacewa.

A watan Maris na 2021, lokacin da annobar korona ta rage zirga-zirga, an gwada barin jirage su zaɓi hanyoyinsu ba tare da an shata musu ba. Daga Maris na 2022 kuma aka daina shata hanyoyin a tsayin ƙafa 33,000 zuwa ƙasa.