Taici, Yoga da Kungfu: Abin da Likitoci Suka Tabbatar Game da Amfaninsu

Duk wanda ya yi zamanin gidajen silima a Kano ko Kaduna ko Jos ya san daren da ake haska fim ɗin Cainis. Ana tashi daga kallo yara za su bazu cikin unguwa suna tsalle suna harbin iska da ƙafa, kowa ya ɗauki kansa Bruce Lee. Ta wannan ƙofa akasarinmu muka san kungfu, shi ya sa har yau in aka ambaci wasannin motsa jiki na ƙasar Sin, faɗa ne ke fara zuwa a rai. Amma wanda ya yi sammako ya leƙa lambunan shaƙatawa na Beijing ko Shanghai, wani abu dabam zai tarar. Tsofaffi ne maza da mata, wasu sun haura shekara 70, tsaye a sahu, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, suna ɗaga hannu suna saukewa a hankali kamar masu tafiya cikin ruwa. Wannan shi ne taici. A cikin wasanni ukun da ake yawan haɗawa idan ana zancen lafiya, wato shi da yoga da kungfu, shi ne ya fi ƙarancin burgewa a ido, kuma a kansa aka fi samun hujja mai ƙarfi.

Asalinsa dai dabarar faɗa ce. Masana tarihi da dama suna danganta shi da ƙauyen Chenjiagou a lardin Henan, inda wani tsohon soja, Chen Wangting, ya tsara shi a ƙarni na 17 ya bar wa zuriyarsa. Ya daɗe a matsayin sirrin gida, har Yang Luchan, wanda ya rayu daga 1799 zuwa 1872, ya koya a wurinsu ya kai shi Beijing. Jikokin Yang suka riƙa sassauta shi suna rage tsalle da buga ƙafa. A 1956 gwamnatin Sin ta sa aka taƙaita shi zuwa motsi 24 waɗanda mutum zai gama cikin 'yan mintoci, domin talaka da ma'aikaci su iya. A 2020 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Abin da ya ja hankalin likitoci gare shi matsala ce da mu a nan ba mu cika ɗaukarta cuta ba: faɗuwar tsofaffi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ne ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka wuce shekara 60 ne suka fi yawa. Kowa ya san labarin irin wannan a danginsa. Tsohuwa tana lafiya lau, tana zuwa biki da gaisuwar mutuwa da ƙafarta, sai ta zame a banɗaki ko ta yi tuntuɓe a dokin ƙofa, ƙashin ƙugu ya karye. Daga nan sai kwanciya, daga kwanciya sai gyambon baya da ciwon huhu, kafin shekara ta zagayo an yi rashi. A ce ajali ne, kuma ajalin ne, amma sababinsa abu ne da ake iya ragewa.

A 1996 Steven Wolf da abokan aikinsa a Jami'ar Emory da ke Atlanta a Amurka suka buga sakamakon gwajin da suka yi da mutum 200 masu shekara 70 zuwa sama. Waɗanda aka koya wa taici na mako 15, haɗarin yawan faɗuwarsu ya ragu da kashi 47.5 cikin ɗari. Bayan shekara 22, a 2018, Fuzhong Li na Cibiyar Bincike ta Oregon ya yi gwaji mafi girma da tsofaffi 670 waɗanda ko dai sun taɓa faɗuwa ko tafiyarsu ta yi rauni. Aka kasa su uku: masu taici, masu miƙe gaɓɓai kawai, da masu motsa jiki irin na zamani da ya haɗa da ƙarfafa tsoka. Awa ɗaya sau biyu a mako, har mako 24. Faɗuwar masu taici ta gaza ta masu miƙe gaɓɓai da kashi 58 cikin ɗari, ta kuma gaza ta masu motsa jikin zamani da kashi 31. Wannan adadi na biyu ya fi ba ni mamaki, domin ba da zaman banza aka gwada shi ba, da tsari mai kyau aka gwada shi ya yi rinjaye. Tun a 2012 wannan mai binciken ya nuna a mujallar likitoci ta New England cewa masu cutar Parkinson, wadda ke sa makyarkyata da sanƙarewar jiki, sun fi iya riƙe tsayuwarsu bayan wata 6 suna taici.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsayuwar mutum daram ta dogara da abubuwa uku da ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙo: ido, da wani sashe na can cikin kunne, da jijiyoyin tafin ƙafa da gaɓɓai masu sanar da ita inda kowace gaɓa take. Tsufa yana dushe ukun duka, ga tsokar cinya tana zaizayewa. Shi kuwa taici, kusan dukkansa sauya nauyi ne daga ƙafa zuwa ƙafa. Mai yi zai ɗora nauyinsa gaba ɗaya a kan ƙafar dama, ya ɗaga ta hagu, ya kai ta gaba, ya sauke dunduniya, sannan ya mayar da nauyin kanta da kaɗan-kaɗan. Da sauri kowa zai iya wannan, saboda saurin ne ke ɗaukar mutum. Yin sa a hankali shi ne wuyar, domin dole cinya ta riƙe jiki, dole hankali ya kasance wurin. Mutum yana maimaita, cikin aminci, daidai yanayin da yake faɗuwa a ciki. Akwai kuma tsoro. Tsohon da ya taɓa faɗuwa yakan rage tafiya, ragewar ta ƙara masa rauni, raunin ya sake kayar da shi. Gwajin Wolf ya nuna tsoron ma yana raguwa.

Sai ciwon gwiwa, wanda ya mayar da dattawa da yawa sallar zaune a kan kujera. A 2016 Chenchen Wang ta cibiyar lafiya ta Tufts a Boston ta gwada taici da gashin ƙashi na asibiti a kan mutum 204 masu amosanin gwiwa. Bayan mako 12 sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu kusan ɗaya ne. A 2019 ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ta sa taici cikin abubuwan da ta ba da shawara mai ƙarfi a yi don amosanin gwiwa da ƙugu. Game da hawan jini kuwa, wani gwaji da aka yi a Beijing aka buga a 2024, da mutum 342 waɗanda jininsu ya fara hawa bai kai matakin cuta ba, ya nuna cewa bayan shekara guda lambar sama ta awon jinin masu taici ta sauka da kimanin 7, ta masu sassarfa da tuƙa keke kuma da kimanin 4.6. Sauka ce mai amfani, amma ba ta kai a ce wa mai hawan jini ya ajiye maganinsa ba. Duk wanda ya faɗa maka haka yana wasa da ranka.

Malaman taici na gargajiya suna bayyana amfaninsa da wani ƙarfin rai da suke cewa yana zagaya jiki ta wasu hanyoyi. Kimiyya ba ta ga waɗannan hanyoyi ba, kuma ba sai an yarda da su ba kafin cinya ta yi ƙarfi.

Yoga tata hanyar dabam. Daga Indiya ta fito, kuma tsohon littafinta da ake danganta wa Patanjali ya fi magana a kan tarbiyyar zuciya da tattara hankali, zancen lanƙwasa jiki kaɗan ne a ciki. Irin wadda ake gani yau a talabijin ta bunƙasa ne a ƙarni na 20, musamman ta hannun Krishnamacharya da ya koyar a fadar Mysore a shekarun 1930, da almajiransa irin su Iyengar da Pattabhi Jois. A 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga. Inda hujjarta ta fi tsayawa shi ne ciwon baya mai daɗewa. A 2017 Robert Saper ya yi gwaji a Boston da mutum 320, akasarinsu masu ƙaramin ƙarfi, ya tarar darasin yoga sau ɗaya a mako na mako 12 bai gaza gashin ƙashi na asibiti ba wajen rage ciwo da dawo da mutum bakin harkokinsa. A shekarar ce ƙungiyar likitoci ta Amurka ta ba da shawarar a fara gwada irin su yoga da taici ga mai daɗaɗɗen ciwon baya kafin a kai ga ƙwayoyi. Wanda ya ga yadda tela da direba da mai ɗaukar kaya suke haɗiyar maganin kashe ciwo kullum har ya taɓa musu ciki da ƙoda, zai san darajar wannan shawara. Sai dai masu bitar gwaje-gwajen sun ce sauƙin daga kaɗan ne zuwa matsakaici, kuma bai nuna ya fi na sauran motsa jikin baya ba. Tallar da ake yi cewa yoga tana warkar da ciwon suga ko daji ko rashin haihuwa ba ta da tushe.

Akwai tambayar da mai karatu Musulmi zai yi, kuma yana da gaskiya: ina matsayinta a addini, tunda ta taso cikin addinin Hindu? A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda abin da ke cikinta na ibadar Hindu. A 2009 majalisar malaman Indunusiya ta haramta wadda ta ƙunshi rera kalmomin bauta, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. A ganina wannan rarrabewar ta kama hanya, hukunci kuma na malamai ne. Ta fuskar lafiya dai, amfanin yana cikin miƙe gaɓɓai da ƙarfafa tsoka da jan numfashi a hankali, kuma duk ana samun su ba tare da furta komai ba.

Ita ma tana da haɗarinta. Tsayuwa a kan kai tana ƙara matsi a cikin ido, don haka ba ta dace da mai hawan jinin ido ba. Mai raunin ƙashi zai iya tsaga ƙashin baya in ya matsa wajen dunƙulewa, mai juna biyu kuma sai da shawarar likita.

Kungfu ba a yi masa bincike mai yawa ba, wanda aka yi ma ƙanana ne. Abin da za a iya faɗa shi ne yana ba matashi abin da duk wani horo mai tsanani yake bayarwa: ƙarfin zuciya da huhu, ƙarfin ƙafa, laushin gaɓɓai da ladabin bin malami, tare da targaɗe da rauni in aka yi ganganci. Sunan da ya fi fice a nan shi ne gidan ibadar Shaolin, wanda aka gina a shekarar 495 a dutsen Song, shi ma a Henan, kuma fim ɗin Jet Li na 1982 ya ƙara masa suna. Abin da ba a cika sani ba shi ne Musulmin Sin, 'yan ƙabilar Hui, suna da hannu babba a wannan fage. Salon Chaquan a cikinsu ya yi ƙarfi, kuma ɗaya daga cikin gwanayen ƙarni na 20, Wang Ziping, Musulmi ne wanda ya haɗa kungfu da sana'ar ɗori.

Mu ma muna da dambe da kokawa, amma wasannin samari ne, ɗan dambe in ƙarfi ya ja baya sai ya koma gefen fage. Abin da Sinawa suka yi da ya cancanci a duba shi ne sun ɗauki dabarar faɗa suka sassauta ta har ta dace da ɗan shekara 80. Mu kuwa, saboda girmamawa, da zarar uwa ta manyanta sai mu ce, "Hajiya, zauna ki huta," a karɓe mata tsintsiya, a kawo mata buta har bakin gado. Niyyar kyakkyawa ce, amma zaman yana cinye mata ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai shekara 65 zuwa sama yana buƙatar motsa jikin da ke gyara tsayuwa da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 3 a mako, bayan minti 150 na motsi matsakaici da ake so ga kowane baligi.

Taici ba ya buƙatar na'ura ko lantarki ko kaya na musamman, tsakar gida ta isa, kuma ana yin sa cikin zane ko babbar riga. Malami yake buƙata. Don haka kirana ga sassan gashin ƙashi na asibitocin koyarwa da makarantun horar da jami'an lafiya a Nijeriya da Nijar shi ne su horar da ma'aikata taƙaitaccen tsarin taici, su kai shi asibitocin unguwa, mata su koya wa mata, maza su koya wa maza. Kai kuma mai tsoho a gida, in ya taɓa faɗuwa ko ka ga ya fara dafa bango, ka kai shi a duba masa ido da jini da magungunan da yake sha, ka tambayi likitan gashin ƙashi irin motsin da ya dace da shi, sannan ka tsaya kusa da shi ya yi.