Lilon Sama da Teburin 'Yan Canji

Iyayen da 'ya'yanku ke makarantar Faransanci a Yamai, Kwatano ko Duwala, ku leƙa littafinsu na lissafi, za ku ga kalmar trapèze. Zane ne mai gefe huɗu, biyu daga ciki suna tafiya a jere ba sa haɗuwa. To, da wannan suna ake kiran lilon nan na gidajen wasan nuna bajinta a Turai: sanda ɗaya rataye da igiya biyu can sama, mutum ya kama ta ya yi ta alkafura a iska. In ka dubi sandar da igiyoyin da rufin da aka ɗaura su, siffar wancan zanen za ka gani.

Ni dai tushen kalmar ya fi burge ni. Daga Girkanci ta fito, inda trapeza ke nufin tebur, wato "mai ƙafa huɗu". Ta bi ta Latin ta shiga Faransanci. A kasuwannin Girka na dā, 'yan canji kan tebur suke baza kuɗi, shi ya sa har gobe Girkawa trapeza suke ce wa banki. 'Yan uwanmu na Sudan ma sun san ta, don a Larabcin can da na Masar tarabeza ake ce wa tebur. Ka ji fa, ashe lilon sama da teburin ɗan canji uwa ɗaya uba ɗaya suke!

Wanda ya fito da wasan tsalle daga wannan lilo zuwa wancan Bafaranshe ne, Jules Léotard, ɗan birnin Tuluz. Ya fara nuna shi a Paris a 1859. Amma kafin nan, a saman tafkin ninƙaya na mahaifinsa ya rataya sandunan yana koyo, in ya kuskure sai ya faɗa ruwa. Matsattsiyar rigar 'yan wasan ma sunansa ta ci.

Nan nake so 'yan uwana fatake su tsaya su yi tunani. Mai son barin shago ya koma wata ƙasa, ko ya sauya haja, kamar mai sakin sanda ne a sama. Gwada da ɗan abin da in ya faɗi ba zai karya ka ba, kuma kada ka saki ta hannu sai ka ga ta gaba ta iso. Allah ya tsare mana jarinmu.