Abin da Masana'antu Ke Nema a Wurin Injiniyan Ƙarfe

Ɗalibin da ya karanta injiniyancin sarrafa ƙarafa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko wata jami'a a Najeriya, yakan shafe shekara 5 ana koya masa yadda ake fitar da ƙarfe daga tama a babban tanderu. Ilimi ne da ba a raina shi. Sai dai kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, wanda aka ƙulla yarjejeniyar gina shi da Tarayyar Sobiyat a 1979, har yau babban tanderunsa bai narka tama ba. Saboda haka mafi yawan waɗanda suka gama karatun a wasu wurare suke samun aiki: masana'antun da ke narka tsofaffin ƙarafa su yi rodi, gidajen zubi, kamfanonin mai da iskar gas, na siminti, da wuraren haƙar ma'adinai. Masu waɗannan wurare suna duba takarda, amma abin da ya fi damunsu shi ne ko matashin zai iya tsayawa gaban ƙarfen da bai san asalinsa ba ya faɗi abin da ke cikinsa, da abin da za a yi da shi.

Ɗauki masana'antar rodi. Abin da ake zubawa a tanderunta kayan 'yan gwangwan ne: tsohon gado, ƙofar mota, guntun bututu, wargajajjen inji. Idan suka narke, zafin ya kai wajen digiri 1,600, sai a ɗebi kaɗan da dogon ludayi a zuba a ƙaramin mazubi, a goge fuskarsa a ɗora a kan na'urar da ke karanta sinadarai. Cikin 'yan mintoci lambobi sun fito: kabon kaza, manganis kaza, silikon, farar wuta, fosfaras, jan ƙarfe. Tanderu kuwa yana ci gaba da shan wuta, kowane minti kuɗi ne. A nan ake gane wanda ya fahimci karatunsa. Rodin da zai karɓi walda yana son kabon ɗinsa ya tsaya wajen kashi 0.25 cikin ɗari ko ƙasa da haka. In ya haura, rodin zai yi tauri amma ya riƙa karyewa wurin lanƙwasa. In manganis ya gaza, ana iya ƙarawa nan take. Jan ƙarfe fa, in ya shiga ya shiga, narkawa ba ta fitar da shi, kuma idan ya yi yawa ƙarfen yakan tsattsage a lokacin da ake murza shi da zafi. Maganinsa yana can baya, a filin da ake tara kayan, inda ake ware wayoyi da tsofaffin injinan lantarki tun kafin su kusanci wuta. Injiniyan da ya gane haka zai bar ofis ya je ya tsaya tare da masu tsince kayan, kuma irinsa masana'anta ba ta son rabuwa da shi.

Gwanintar da ta fi wannan wuyar samu ita ce gano dalilin da ya sa ƙarfe ya karye. Maƙerin gargajiya ya san in ya tsoma jan gatari a ruwa zai yi tauri, in kuma bai sake ɗumama shi kaɗan ba bakinsa zai ɓalle. Injiniya yana da bayanin abin: idan aka zafafa ƙarfe ya wuce digiri 727 tsarin cikinsa yakan fara sauyawa, kuma saurin hucewarsa ne ke yanke irin tsarin da zai tsaya a kai. Ana so ya iya yanko ɗan guntu daga abin da ya karye, ya goge shi har ya yi ƙyalli, ya ɗiga masa ruwan asid mai rauni, ya sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma ya karanta abin da ya gani. Kafin nan ma, fuskar karayar kanta tana ba da labari. Sandar injin da ta gaji da juyi takan nuna layuka masu lanƙwasa, ɗaya bayan ɗaya, da suka taso daga wuri guda inda tsagar ta fara, sannan ga wani ɓangare mai kaushi inda ragowar ya ɓalle a lokaci ɗaya. Wanda ya iya karanta wannan zai ce wa manaja laifin na zubi ne, ko na walda, ko na tsatsa, ko an ɗora wa injin abin da ya fi ƙarfinsa. Wanda bai iya ba sai ya ce a sayo sabo, sabon ma ya karye a daidai wurin.

Akwai kuma riƙon amana, wanda a wannan sana'a rayuka ne suka rataya a kansa. Hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, SON, tana da ma'aunin da rodi zai cika: kauri, nauyin kowace mita, ƙarfin da zai jure kafin ya miƙe. Injiniya ne ke sa guntun rodi a injin gwaji a ja shi har ya tsinke, shi ne ke rubuta lambar da ta fito. Wata rana lambar za ta gaza alhali manyan motoci na jiran lodi a bakin ƙofa. Rodin nan cikin ginshiƙin makaranta ko bene zai shiga, inda ba wanda zai sake ganinsa. Kamfanin kirki yana neman wanda zai ce wannan zubin bai wuce ba, ya kuma kawo hujja a rubuce. A ganina matashin da ya lura cewa ana son ya gyara lambobi, gara ya nemi wani wurin tun sunansa bai ɓaci ba.

Haka batun kiyaye lafiya. Ruwa kaɗan da ya maƙale a cikin bututu ko rufaffiyar tukunyar gas, in ya faɗa cikin narkakken ƙarfe, yana iya tarwatsa tanderu da mutanen da ke kusa. A ɓangaren ma'adinai kuwa, abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa darasi: an riƙa niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a cikin gidaje, ƙurar ta kashe yara sama da 400. Sanin abin da ke tare da ma'adini, ban da wanda ake nema, yana cikin aikin injiniyan ƙarfe.

Lissafin kuɗi ma ana tambaya. Tamar Itakpe ƙarfen da ke cikinta bai kai kashi 40 cikin ɗari ba, sai an niƙa an tace ta haura 60 kafin ta yi amfani, kuma kowane mataki yana da farashinsa. Wutar lantarki nawa tan ɗaya ya ci, nawa ya tafi a kashin maƙera, nawa aka mayar tanderu, duk ana so matashi ya iya tattara su a kwamfuta, ko da da Excel ne, ya fitar da rahoton shafi ɗaya da mai kamfani zai fahimta. A harkar mai da gas kuma, takardar shaidar duba walda, ko ta gwajin da ke gano ɓoyayyiyar tsaga ba tare da an yanka bututu ba, takan buɗe ƙofar da digiri kaɗai bai buɗewa. Rajista da hukumar injiniyoyi, COREN, tana zuwa ne bayan an yi 'yan shekaru ana aiki.

Yawancin waɗannan abubuwa ba a aji ake samunsu ba. Watannin koyon aiki na shirin SIWES su ne damar farko, kuma ɗalibin da ya yi su a gidan zubi, ko a Cibiyar Bunƙasa Sarrafa Ƙarafa ta Ƙasa da ke Jos, ya sha bamban da wanda ya je kawai a sa masa hannu a littafi. A can zai tarar da dattawan da suka shekara 20 a bakin tanderu, waɗanda ke ƙiyasta zafin ƙarfe daga launinsa. Idan ya gaishe su da ladabi, ya ce "Baba, me ka gani da ka ce a dakata?", za su nuna masa, shi kuma ya je ya gwada maganarsu da abin da na'ura ta nuna. Masu ɗaukar aiki sun san wannan, shi ya sa a wurin ganawa sukan tambayi matashi wace matsala ya taɓa gani da idonsa a masana'anta, da yadda aka yi aka gano tushenta.