Layuka Biyu da Ba Sa Haɗuwa

Tun da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar a watan Oktoban 2025 cewa ɗaliban fannin adabi ba sai sun ci lissafi ba kafin su samu gurbi a manyan makarantu, ake ta muhawara. Wasu iyaye har hamdala suke yi, wai an sauke wa yara kaya. Daga baya ma'aikatar ta ce dole kowane ɗalibi ya zauna jarrabawar lissafin, amma maganar ta riga ta tona yadda muke kallon darasin: abin hadda, a zubar a takarda, a manta.

Ɗauki batun layuka masu tafiya a jere ba tare da sun haɗu ba. Kowane ɗan babbar sakandare ya san y = mx + c, ya kuma haddace cewa irin waɗannan layuka gangararsu ɗaya ce. Tambaye shi dalili, sai ya yi shiru.

Ga wa da ƙane suna tara kuɗi a asusu. Wan ya fara da naira 5,000, ƙanen da 2,000, kowa na ƙara 1,000 duk mako. Bayan mako 10 wan yana da 15,000, ƙanen 12,000. Ko shekara za su yi, ratar 3,000 ɗin tana nan. Abin da kowa ya fara da shi, shi ne c. Abin da yake ƙarawa duk mako, shi ne m, wato gangara. Tunda ƙarinsu ɗaya ne, ƙanen ba zai taɓa kamo wansa ba. Amma da a ce tun farko ƙanen 1,500 yake zubawa, a mako na 6 kowannensu zai zama yana da 11,000. A nan layukan suka gamu.

Wanda ya gane wannan ba ya faɗa wa tarkon da ke kayar da ɗalibai. A ba su y = 4x + 1 da 2y = 4x + 6, sai su hango 4 nan, 4 can, su ce ba za su haɗu ba. Kuskure ne. Sai an raba na biyun da 2 tukuna, ya koma y = 2x + 3. Gangararsa 2 ce, don haka layukan za su haɗu a inda x yake 1, y yake 5. Haka nan idan m ɗaya ne, c ma ɗaya, to layi guda ne aka rubuta sau biyu.

Laifin ba na yara kaɗai ba ne. Ajin da ya cika maƙil, babu takardar zana jadawali, malami yana tseren ƙare manhaja kafin WAEC da NECO, dole hadda ta maye gurbin fahimta. Sassauta sharaɗin shiga jami'a ba zai gyara wannan ba. Hukumomi su fara da samar da ƙwararrun malaman lissafi da kayan aiki, iyaye kuma su riƙa tambayar yaro yadda aka yi ya samu amsa, ba makin da ya ci kawai ba.