Tarkon Hoto: Farautar Da Ba A Zubar Da Jini

Tun zamanin kaka da kakanni, duk wanda ya ce ya san daji, to, da rana ya san shi, ko kuwa ta bakin maharbi. Da zarar rana ta faɗi, manomi ya saɓa fartanyarsa, makiyayi ya kora shanunsa zuwa ruga, sai daji ya koma hannun masu shi. Abin da kan wayi gari a gani shi ne sawu a bakin rafi, da kashi a kan turba, da ɓarnar da aka yi wa gyaɗa. Amma wa ya zo, da wane lokaci, su nawa ne, wannan sai dai a yi ta kintace.

Yanzu kuwa akwai wata 'yar na'ura, ba ta fi tafin hannun babban mutum ba, wadda ake ɗaurawa a jikin itace a tafi a bar ta. Ba ta barci, ba ta tari, ba ta jin sauro. Duk dabbar da ta gitta ta gabanta, sai ta ɗauki hotonta, ta rubuta rana da sa'a a ƙasansa, ta ajiye. Ana kiranta tarkon hoto, domin ɗana ta ake yi kamar tarko, sai dai abin da take kamawa ba ya rasa ko gashi guda. A Amurka da Ingila da wasu ƙasashen Turai ɗana wannan tarko ya zama abin sha'awa da ɗebe kewa ga mutane masu ɗimbin yawa: manoma, da malaman makaranta, da tsofaffin da suka yi ritaya, har da yara 'yan makaranta.

Maharbin Da Ya Jingine Bindiga

Asalin abin ya haura shekara 100. Wani lauya ne mutumin Amurka, George Shiras na Uku, wanda aka haifa a 1859, ya buɗe wannan hanya. Tun yana yaro yake farautar barewa a dazuzzukan Jihar Mishigan, amma da ya manyanta sai ya ga ɗaukar hoton dabba ya fi harbinta wuya, ya kuma fi daɗin tunawa. A wajejen 1890 ya riƙa ɗaura zare a kan turbar dabbobi, ko ya ɗaura shi a jikin abin da suke so su ci. Dabba na taɓa zaren, sai kyamara ta buɗe, wani gari mai kama da albarushi ya tashi da haske mai kashe ido. Watau dabbar ce da kanta ke ɗaukar hotonta.

Hotunansa na namun daji sun ciwo masa lambar zinariya a babban bikin nunin kayayyaki na duniya da aka yi a Faris a 1900. A watan Yuli na 1906 kuma mujallar National Geographic ta buga guda 74 daga cikinsu a fitowa ɗaya. Abin bai yi wa kowa daɗi ba, har biyu daga cikin manyan ƙungiyar da ke buga mujallar suka ajiye muƙamansu, wai an mai da mujallar ilimi littafin hotuna. Masu karatu kuwa suka yi ta rububinta.

A ƙasar Indiya, wani Bature jami'in gandun daji mai suna F. W. Champion ya bi wannan sawu a shekarun 1920. Shi mutum ne da ba ya son harbi, saboda haka ya riƙa ɗana waya a kan turbar damisar Indiya, mai ratsin baƙi. Ya buga littafin hotunansa a 1927, ya kuma lura da cewa ratsin kowace damisa daban yake da na 'yar'uwarta, kamar yadda zanen yatsan mutum ya bambanta da na wani. A kan wannan ne masanin nan ɗan Indiya, Ullas Karanth, ya gina hanyar ƙidayar damisa da tarkon hoto a gandun Nagarahole a shekarun 1990.

Yadda Take Gani Cikin Duhu

Tarkon hoto na yau ba shi da zare, ba shi da albarushi. A gabansa akwai wani ɗan ido da ke jin ɗumi. Duk abin da ke da jini mai ɗumi jikinsa na fitar da zafi, to, in wannan zafi ya motsa a gaban idon nan, ya kuma bambanta da na ƙasa da ciyawar da ke bayansa, sai na'urar ta farka ta ɗauki hoto cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Da rana hoton mai launi ne. Da dare kuwa takan kunna wasu ƙananan fitilu masu irin hasken da idon ɗan Adam ba ya gani, hoton ya fito fari da baƙi. Wasu fitilun kan nuna ɗan ja-ja kamar garwashi in an dube su kai tsaye, wasu kuwa ko alama ba sa nunawa. Galibi hasken kan kai mita 15 zuwa 25.

Ƙananan batura irin na tocila take ci, kuma sukan yi wata da watanni, tun da yake yawancin lokaci a kwance take, sai an gitta ta farka. Hotunan na taruwa a kan ɗan katin ajiya, wanda mai ita zai zo ya zare ya duba a kwamfuta ko a waya. Akwai kuma masu layin waya a cikinsu, waɗanda kan aiko da hoto nan take, mai ita na zaune a ɗakinsa.

Sanin Daji Ya Fi Tsadar Na'ura

Masu wannan sha'awa sun yi ittifaƙi a kan abu ɗaya: kyamara mai araha a wurin da ya dace ta fi mai tsada a wurin da bai dace ba. A nan ne ilimin tsohon maharbi ke da daraja, domin wanda ya iya karanta sawu, ya san mashaya, ya san kanwar lasa, ya san ramin da ke da mai shi da wanda aka yi ƙaura daga cikinsa, shi ne zai dawo da hoto. Wanda bai sani ba sai ya dawo da hoton ciyawa dubu.

Akan ɗaura ta daidai gwiwa ko ƙugu, gwargwadon tsayin dabbar da ake dako. Akan fuskantar da ita arewa ko kudu, don kada hasken fitowar rana ko na faɗuwarta ya buge ta. Akan share dogayen ciyayi da rassan da ke gabanta, domin in rana ta gasa su iska kuma ta kaɗa su, sai ta ɗauka dabba ce. Ba a sa ta ta dubi turba a gicciye, sai a karkace, yadda dabba za ta daɗe a gabanta. Sa'an nan, abin da ya fi wa sabon shiga wuya, a tafi a ƙyale ta. Mai zuwa dubawa kullum warin jikinsa yake zubawa a wurin, kuma gada da dila ba sa bukatar a faɗa musu sau biyu. Mako biyu ko wata guda shi ne daidai. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

A ƙasa mai zafi irin wannan akwai ƙarin abin lura. Da tsakar ranar bazara, sa'ad da zafin ƙasa ya yi daidai da na jikin dabba, idon nan yakan raunana, dabba ta wuce bai ji ta ba. Don haka ne ma guza da damo da maciji, masu ɗaukar zafin wurin da suke, sukan sha wucewa ba a ɗauke su ba. Ƙurar hunturu kan rufe gilashi, tururuwa kan shiga ciki, gobarar daji kan narkar da ita, kura kan tauna ta, giwa kan take ta. Sai kuma mai ƙafa biyu, wanda domin shi ake sa mata akwatin ƙarfe da kwaɗo.

Abin Da Aka Gano

Abin da ya fara da wasa ya zama taimako ga masana. A Ingila mutane kan ɗana tarkon hoto a ɗan lambun bayan gida, su wayi gari su ga ashe bushiya da yanyawa na sintiri a ƙofarsu shekara da shekaru ba su sani ba. A Jihar Wiskonsin ta Amurka hukumar kula da namun daji ce ke ba mutanen gari kyamarori tun daga 2016, su ɗaura, su aiko mata da abin da suka samu.

A gandun Serengeti na Tanzaniya, masana sun shimfiɗa kyamarori 225 daga 2010. Kafin 2013 ta ƙare sun tara jerin hotuna kimanin miliyan 1.2, abin da ya fi ƙarfin ma'aikatansu. Sai suka zuba su a intanet, mutane fiye da 28,000 daga ko'ina a duniya suka zauna a gidajensu suna tantancewa, wannan zaki ne, wannan ɓauna ce, ba da ko kwabo ba. A Indiya kuwa, ƙidayar damisa ta 2018 an yi ta ne da kyamarori a wurare 26,838, aka ɗauki hotuna kusan miliyan 35, aka ƙiyasta damisa 2,967.

Nijeriya ma ta ɗanɗana. Gwaggon birin Kuros Riba, wanda ake ƙiyasin bai wuce 300 ba a duniya, yana zaune ne a tsaunukan iyakar Nijeriya da Kamaru, kuma saboda tsananin gudun mutane, masu gadinsa ma sukan yi shekaru suna ganin sheƙarsa da kashinsa kawai. A watan Yuli na 2020 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta fitar da hotunan da tarkon hoto ya ɗauka a tsaunukan Mbe, waɗanda garuruwa 9 na yankin ke kula da su. Ga garke guda, ga iyaye mata da jarirai a bayansu. Gani ya kori ji: dabbar da ake fargabar ƙarewarta ashe tana haihuwa. Haka nan a Gashaka Gumti, gandun daji mafi girma a ƙasar nan, wanda ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa, masu bincike daga gidan namun daji na Chester da ke Ingila sun bayyana a 2018 cewa sun tara hotuna fiye da 50,000, ciki har da na damisa, da biri mai ganga, da babban ɗankunya, wanda da wuya ƙwarai a gan shi da ido.

Wutar Da Ke Dafa Tuwo

Sai dai wutar da ke dafa tuwo ita ce kuma ke cin rumbu. Idon da ke nuna wa mai sha'awa inda gwanki ke shan ruwa, shi ne zai nuna wa mai bindiga. A Jihar Arizona ta Amurka, ƙasa mai ƙarancin ruwa, mafarauta sun riƙa cika bakin mashaya da kyamarori, kowa na dakon babban namiji, har dabba ta rasa inda za ta sha ruwa ba a san da ita ba. Hukumar namun dajin jihar ta ga wannan ya fita daga farauta ta adalci, ta hana amfani da su wajen farauta daga 1 ga Janairu, 2022, amma ta bar wa masu kallo kawai nasu.

Akwai kuma haƙƙin mutane, domin na'ura ba ta bambanta ɗumin barewa da na ɗan Adam. A 2024 wani mai bincike na Jami'ar Kambirij, Trishant Simlai, ya bayyana abin da ya gano a ƙauyukan da ke kewaye da gandun damisa na Corbett a Indiya, bayan ya tattauna da mutane 270. Matan da ke shiga daji neman itace da ciyawa sun saba tafiya suna waƙa da hira da ƙarfi, domin giwa da damisa su ji su kauce. Da suka fahimci akwai ido a jikin kowace bishiya, kuma maza ne ke duba hotunan, sai suka yi shiru, wasu suka riƙa kutsawa wuraren da ba su sani ba don guje wa kyamara. Shirun nan kuwa shi ke sa a yi kiciɓis da dabba. Har an sami hoton wata mata da ta kewaya, aka yi ta yaɗa shi a wayoyi. Wannan darasi ne ga duk ƙasar da mata ke zuwa rafi da daji, kuma ba a bukatar dogon bayani ga wanda ya san darajar sutura.

Saboda haka wanda ya yi niyyar shiga wannan sha'awa, akwai ƙa'idodin da suka hau kansa. Kada ya ɗaura a gonar wani ko a hurumin gari sai da iznin mai gona da mai unguwa, kada kuma ya shiga gandun gwamnati sai da takardar hukuma. Ya nisanci hanyar rijiya, da wurin wanka, da inda mutane ke kewayawa. In hoton mutum ya faɗo, ya goge shi nan take. Kada ya sabar wa dabba da abinci don neman hoto mai kyau, domin dabbar da ta saba da hannun mutum ajalinta ya kusa. Sa'an nan in ya dace da wata dabba mai wuyar samu, ya nuna hoton in yana so, amma ya riƙe sunan wurin a cikinsa, sai fa ga ma'aikatan gandun daji. Masu fataucin ɓawon ɗankunya da haƙorin giwa su ma suna da waya, suna kuma karatu.

A yankuna da dama na ƙasar nan, yaro kan girma yana jin sunan dabgi da beguwa da dage a tatsuniya da karin magana, bai taɓa ganin ko ɗaya ba, har ya ɗauka duk sun ƙare. Wasu lalle sun ƙare a inda gatari da bindiga suka yi yawa. Wasu kuwa suna nan, sun dai mai da harkarsu dare ne don tsoron mutane. Tarkon hoto guda a gefen fadama, a hannun makarantar gari ko ƙungiyar maharba, ya isa ya nuna wa jama'a abin da ya rage musu, kuma abin da mutum ya gani da idonsa ya fi saurin tsaya masa. Dabbar da ta tsaya a gaban kyamara ba ta san ta ba da asirinta ba. Amana ce ta faɗo hannun mai kyamarar, Allah ya ba shi ikon riƙewa.