Kiran Allah bai tsaya a ƙofar coci ba

Matasa da yawa suna ɗauka cewa mai kira shi ne fasto, ko mai bishara, ko ɗan kwaya. Sauranmu kuwa, wai neman abinci kawai muke yi. Shi ya sa za ka ga mutum ran Lahadi yana ta ɗaga hannu a sujada, ran Litinin kuma ya koma shago kamar Allah bai san hanyar wurin ba.

To, mu duba Littafi Mai Tsarki. Yesu ya fara hidimarsa a fili yana da shekara kusan 30, kuma mutanen Nazarat a matsayin masassaƙi suka san shi. Bulus ya yi shekara ɗaya da rabi a Koranti, inda ya yi ɗinkin tanti tare da Akila da Bilkisu, yana kuma koyarwa. A Yafa akwai Tabita, wato Dokas. Ba a rubuta mana wa'azinta ko ɗaya ba. Da ta rasu, gwauraye mata suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa rigunan da ta ɗinka. Allura da zare ne suka zama shaidarta.

Wannan ne Martin Luther ya jaddada a 1520: baduku da maƙeri da manomi kowa na da hidimarsa, kuma a gaban Allah ba su gaza limamin coci ba.

Ta yaya aiki ke zama hidima? Yawancin abin da Allah ke ba mutane, ta hannun mutane yake bi. Mai addu'ar abinci, manomi da mai niƙa ne amsarsa. Mai addu'ar lafiya, wataƙila nas ɗin da ke aikin dare ce.

Saboda haka tela, in ka san ba za ka gama kayan Kirsimeti ba, kada ka karɓa. Mai awo, cika mudu. Mai POS, in kuɗin wani ya shigo sau biyu, mayar masa. Malama, shiga aji ko shugaban makaranta ba ya nan.

In aikin bai kai burinka ba, nemi wani, ba laifi. Amma wanda ke hannunka yau, akwai mai dogara da shi. Tambayi kanka gobe da safe: wa zai amfana da aikina?

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanku.